Yadda A-Hankali Ya Haye Gada

Sunan yayana na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a gundumarmu. Kowa A-Hankali yake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana. Daga bakinsa aka ciro sunan. Sana'arsa kwashe kayan masu tashi daga wani gida zuwa wani, kuma tun daga ɗaga ƙafar gado har zuwa sauke ta a sabon ɗaki, magana ɗaya yake nanatawa: "A hankali, jama'a. A hankali, kayan mutane ne." Ko ƙunshin tsummokara aka ɗauko, sai ya faɗa.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe ni har na gama karatun jinya na samu aiki a asibitin gunduma. A lokacin yana ɗaukar kaya ne a siton wani kamfanin kujeru. Da kamfanin ya rufe, ya haɗa kuɗin sallamarsa da na 'yan kunnen da matarsa ta sayar, ya sayi tsohuwar motar kaya. An ce fara ce a da. Ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai da igiya, kuma kafin ta tashi da safe sai ya shafa sitiyari ya lallashe ta kamar jaririya. Anti, matarsa, takan leƙo ta tagar kicin ta ce, "Ni dai ban taɓa samun irin wannan lallashin ba."

"Ke ai ba kya mace min a kan hanya," in ji shi.

Ya iya aikinsa. Faranti da kofuna yakan naɗe su cikin zannuwa da rigunan masu gidan, madubi ya cusa shi tsakanin katifu, tukwane ya jera ƙarama cikin babba. Firiji kuwa a tsaye yake tafiya ko da za a yi faɗa. Yakan ce firiji kamar tsoho yake, in ka kwantar da shi da wuya ya tashi lafiya. Idan ya shiga gida ya zagaya ɗakunan sau ɗaya, ya riga ya san abin da zai fara shiga mota da abin da zai zo ƙarshe, kuma kullum buta da tabarma da tukunyar shayi su ne na ƙarshe, don su za a fara nema idan an sauka.

Gundumarmu wurin zama ce mai daɗi in kana da abin zaman. Akwai asibiti, akwai bas da ba ta sa mutum dogon jira, famfo ba ya ƙafewa, motar shara tana zuwa, fitilun titi suna kamawa. Amma duk da kuɗin jama'a ake yi. Harajin gida, harajin shago, harajin motar haya, har ajiye mota a bakin titi sai ka biya. Tsallaken gada kuma wata gunduma ce daban. Can haya da araha, haraji bai taka kara ya karya ba, sai dai titunan duk ramuka ne, aiki ya yi ƙaranci, wanda ya samu kuma albashin ba ya kai shi ƙarshen wata.

Duk ranar da takardar haraji ta zo, gidan Yaya ba ya zaunuwa. Ya karanta ta a tsaye, ya karanta a zaune, ya miƙa wa Anti, kafin ta gyara gilashinta ya ƙwace abarsa.

"Mutanen nan numfashi kawai ya rage su sa wa kuɗi!"

Amma kar ka kuskura ka taya shi. Mijina ya taɓa gwadawa, ya ce ai gundumar nan ta 'yan ƙwace ce. Nan take Yaya ya juyo.

"Dakata, ƙanina. Titin da ka biyo ka zo gidan nan, aljanu ne suka shimfiɗa shi? Matarka wa ke biyanta albashi? Ko ka ɗauka daga sama yake faɗowa?"

Anti ta turo wa mijina kofin shayi ta ce, "Sha abinka. Shi kaɗai ke da lasisin zaginsu."

Lokacin da ya fara sana'ar, shigo da mutane yake yi: sababbin ma'aurata, malaman makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, 'yan kasuwa masu neman shago. Sai wasu manyan kamfanoni suka buɗe ofisoshi kusa da tasha, suka zo da ma'aikata masu albashi mai tsoka. Masu gidaje suka farga. Haya ta fara hawa, ba ta kuma waiwayo ba, alhali abin da irinmu ke samu yana nan inda aka bar shi. Sababbin zuwan ba sa buƙatar Yaya, kayansu a cikin kwali suke zuwa a manyan motocin kamfani. Aikinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai yanzu duk kayan da ya ɗauka gefe guda suke nufa: gada.

Shi ya kwashe mai askin unguwa, wanda ya shekara da shekaru yana yi masa aski, bayan an ninka masa kuɗin shago. Mai askin ya ƙi shiga gaban mota. Ya ce kujerarsa ba ta saba tafiya ita kaɗai ba, ya hau baya ya harɗe a kanta, haka aka ratsa gari da shi yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Shi ya kwashe mai ɗinkin layinsu, bazawara mai 'ya'ya, wadda ta rungume kan kekenta a cinya tana share hawaye da gefen mayafi. Da suka kai tsakiyar gada Yaya ya rage gudu, ya ce wai injin ne ya yi zafi, don dai ta samu ta waiwaya ta kalli unguwar da kyau.

Da yawansu ba ya iya karɓar cikakken kuɗi a hannunsu. Anti, wadda ke aikin girki a makarantar firamare kuma ta san farashin komai a kasuwa, takan yi masa faɗa.

"Man motar nan da tausayi ake sayensa?"

"To ya zan yi? Mutum yana kuka in miƙa masa hannu?"

"Ka jira ya gama kukan."

Duk da haka ita ce za ta zuba abinci a kula ta ba shi, ta ce ya kai wa masu tashin, don ranar tashi ba a ɗora tukunya.

Su kansu a ƙasan wani tsohon bene suke zaune, ɗaki biyu da falo. Nan suka haifi 'ya'yansu har suka girma suka watse neman abinci. Mai gidan tsohuwa ce da kowa ke kira Iya, tana zaune a sama ita kaɗai. Ta yi shekaru ba ta ƙara musu ko sisi ba, duk da dillalai suna ta zirga-zirga suna hure mata kunne. Yaya kuma shi ne mai gyara mata famfo, shi ke canza mata ƙwan lantarki, shi ke kai ta karɓar fansho.

Wata ranar da na je gidan da hantsi bayan na tashi daga aiki, sai muka ji ƙarar sandar Iya tana saukowa daga bene. Ba ta cika saukowa ba, don haka Yaya ya miƙe ya tarye ta. Ta zauna, aka gaisa, aka sake gaisawa. Ta tambayi yara, ta tambayi mota. Sai kawai ta fashe da kuka.

Ashe ma'aikatan gunduma sun zo sun sake ƙiyasta darajar gidajen layin. Tunda dogayen gine-gine sun kewaye nata, an ɗora mata harajin da fanshonta gaba ɗaya ba zai biya ba. Ko ta ninka musu haya ba zai isa ba. Ta yanke shawarar sayarwa ta koma wurin 'yarta, masu sayen kuma rushewa za su yi.

"Ɗan nan, na rasa da wane baki zan gaya maka," in ji ta.

Na kalli Yaya. Fuskarsa ta canza, amma sai ya durƙusa a gabanta.

"Haba Iya, daina kuka. Ke kika sa harajin? Ai kin yi mana abin da ko uwa iyakarta ke nan. Ki gaya min ranar tafiya kawai, ni zan kai ki. Kofi ɗaya ba zai fashe ba."

Haka ya yi ta rarrashinta har ya raka ta sama. Da ya sauko sai ya fita ya wanke motar da ya riga ya wanke da safe.

Aka shiga neman gida. Yaya ya rantse ba zai bar gundumar ba, nan aka haife shi, nan iyayenmu suke kwance. Ya san kowane lungu, amma sanin bai yi masa rana ba. Dillali na farko ya ce sai ya kawo takardar shaidar albashi. Yaya ya nuna masa waje ya ce, "Ga albashina can a fake, ƙafa huɗu gare shi." Dillalin bai yi dariya ba. Wani kuma ya kai su garejin mota da aka mayar ɗaki, babu taga ko ɗaya, a kan kuɗin da ya fi na gidan Iya.

"Iska fa?" in ji Anti.

"Akwai fanka," in ji dillalin.

Na ce su zo su zauna a wurinmu kafin a samu wani abu. Mu ma a matse muke, amma ai ba a rasa inda za a shimfiɗa katifa. Yaya ya girgiza kai.

"Auta, da motar nan na kai kayanki ɗakin miji. Ba zan dawo in tare miki a falo ba."

Wa'adi yana matsowa, shi kuma kullum sai ya dawo da sabon labarin wani gida da aka ce za a tashi. Anti ta gaji. Wata rana ta nemi izini a wurin aiki, ta hau bas zuwa bakin gada, ta taka da ƙafa ta haye. Da yamma ta dawo takalminta duk laka, ta zauna ta ce ta samu gida mai tsakar gida da wurin ajiye mota, har ta ba da kafin alƙalami daga ajiyarta.

"Ba ki shawarce ni ba," in ji shi.

"Da na shawarce ka, da a garejin nan za mu ƙare da fanka."

Ya yi fushi na kwana biyu, ya ci abincinta yana fushin.

Ranar tashi ni da mijina muka je da sassafe. Abin da na gani ban taɓa tsammani ba. Mutumin da ya kwashe rabin unguwa ya kifa bokiti a tsakiyar falo ya zauna, ya rasa ta inda zai fara. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya buɗe durowa ya rufe. Anti ce ta ɗaura ɗamara ta riƙa ba da umarni da irin nasa salon: a fara da gado, madubi cikin katifa, kar wanda ya kwantar mata da firiji. Can dai ya miƙe don kar a ce bai yi komai ba, ya ɗauko babban kwanon tangaran na Anti, wanda take ji da shi, ba ta fito da shi sai an yi baƙi. Ya kai bakin ƙofa ke nan kwanon ya suɓuce. Ya tarwatse a kan siminti.

Muka yi cirko-cirko. Yaya ya tsaya hannuwansa a buɗe yana kallon ƙasa.

Anti ta leƙo, ta ga ɓarnar, ta dube shi. Sai ta kwashe da dariya har tana dafa bango.

"Ashe ni ka tara wa! Duk garin nan ba ka fasa na kowa ba sai nawa!"

Ta yi ta dariya har ta koma kuka na gaske, shi ma ya zauna kusa da ita a dokin ƙofa. Muka ba su wuri, mijina ya nemo tsintsiya.

A gaban mota na zauna tsakaninsu. Har muka haye gadar bai rage gudu ba, bai kuma kalli madubi ba. Da muka sauka daga kwalta motar ta fara rangaji a cikin ramuka, na ji yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Muna karya kwanar layin muka hango mutane tsaitsaye. Na ɗauka wani abu ne ya faru. Ashe ranar da Anti ta zo neman gida ta yi kiciɓis da mai ɗinki, ita kuwa ta bi gida-gida ta sanar. Duk fuskar da na kalla na san ta: mai gyaran takalmi, direban makaranta da iyalinsa, tsohon maigadin banki, mata da 'ya'yansu. Dukkansu motar nan ce ta kawo su. Kafin Yaya ya kashe injin an kwance igiyar baya. Mai aski ya hau kan wani dutse ya riƙe ƙugu, ya shaƙe murya irin ta Yaya ya ƙwala: "A hankali, jama'a! Kayan mutane ne!" Layin ya kaure da dariya. Duk abin da Yaya ya kai hannu zai ɗauka sai a riga shi. Da ya rasa abin yi sai ya zagaya bayan motar ya tsuguna wai yana duba taya. Ya daɗe yana dubawa.

Gidan ya fi na da girma, hayar kuma ba ta kai rabi ba. Watannin farko har ƙiba ya yi. Amma sannu a hankali zaman ya nuna nasa halin. Ruwa sai ya ga dama yake zuwa. Bas ba ta shigowa, don haka Anti da sauran masu aiki a tsohuwar gunduma sai sun yi doguwar tafiya a ƙasa zuwa bakin gada, ga ta da hawan jini. Ramukan titi suka sa motar a gaba. Ya ce min, "Abin da na tsira da shi daga hannun masu haraji, mai faci da bakanike ne suka raba."

Abin da ya fi taɓa shi shi ne ranar da mai ɗinki ta yanke jiki ta faɗi a kan kekenta da tsakar rana. Babu asibiti a kusa, motar asibitin da aka kira kuma aka ce ta tafi wani ƙauye. Yaya ya shimfiɗa katifa a bayan motarsa aka kwantar da ita, Anti ta riƙe mata kai, ya lallaɓa cikin ramukan nan har asibitinmu. Ina bakin aiki suka iso. Allah ya sa da sauran kwana, ta tashi, amma likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

Ba da daɗewa ba hukumar gundumarsu ta kira taron jin ra'ayin jama'a a zauren wata makaranta. Ban je ba, amma na ji labarin daga baki da yawa, kowa da irin gishirinsa. Mutane suna ta tashi suna ƙorafi kan ruwa da titi, shugaban taron yana cewa babu kuɗi. Sai Yaya ya ɗaga hannu. Ya miƙe ya cire hula ya mayar, ya ce shi yana roƙo ne a ɗan ƙara musu haraji, a sa musu bas, a buɗe ɗan ƙaramin asibiti.

Zauren ya hargitse. Mai aski ya kama gefen rigarsa yana ja.

"Zauna, don Allah! Haraji ya koro mu, kai kuma ka biyo mu da shi a mota?"

"Sake ni in gama! Ban ce a yi mana irin na can ba. Amma ku tambayi matanku ƙafafunsu. Ku tambayi baiwar Allah nan da na ɗauka a kan katifa kamar kaya."

Shugaban taron ya ce tunda ya fara aikin nan bai taɓa ganin wanda ya zo da ƙafarsa ya nemi a caje shi ba. Aka tashi ba a tsayar da komai ba. Mai aski ya yi mako bai gaishe shi ba, Yaya kuma ya bar gashinsa ya taru don ya ce ba zai kai kansa wurin wani ba.

Bai daddara ba. Duk taron da aka kira yana sahun gaba. Daga baya matan da ke takawa zuwa gada suka fara binsa, Anti ma ta tashi ta yi magana, an ce ta fi shi iya tsara zance. An daɗe ana ja, a ƙarshe aka amince da ɗan ƙari, aka sa bas. Asibitin bai samu ba har yau, sai dai an ware ɗaki a ofishin gunduma inda ma'aikaciyar jinya ke zuwa wasu ranaku.

Da bas ta fara shigowa, sai ga dillalai su ma sun fara leƙowa. An ƙara wa mai gyaran takalmi haya, an ƙara wa mai aski. Yana yi wa Yaya aski yana mita: "Ka ga abin da ka jawo mana ko?" Yaya yakan ce ya bari ya ajiye askar tukuna sai su yi maganar. Amma abin yana damunsa. Ya taɓa ce min, muna zaune a tsakar gida, "Auta, ni har yanzu ban gane ba. Wuri in ya lalace ba ya zaunuwa, in an gyara shi kuma sai ya fi ƙarfin waɗanda suka gyara." Ni ma a watan nan aka ƙara mana, mijina har ya fara tambayar yadda makarantun tsallaken gada suke.

Yanzu gwiwa ta hana Yaya ɗaukar nauyi. Ya samu ƙarti biyu suna ɗauka, shi yana tsaye da sanda yana nuni. Zuwana na baya-bayan nan na tarar da su cikin rigima shi da Anti. Ya sayo dashen lemo zai dasa a tsakar gida, ita ta ce a sa a bokiti, gidan haya ne, wa ya san gobe. Shi ya ce a ƙasa zai dasa. Da abin ya ƙi ƙarewa ya koma ya sayo na biyu, kowa ya kama nasa. Na Anti a bokiti ya yi kore shar, nasa na ƙasa akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye masa rabin ganye.

Anti ta shiga kicin ɗauko mana abinci. Yana jin ƙarar tukunya ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Auta, a asibitinku ba ku da wani abu da ake ba itace ya yi saurin girma?"

Daga kicin Anti ta ce, "Ina jin ka."